Sigarin lantarki: kada mu ari lissafin Ingila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin jama'a da hukuma game da sigarin lantarki, wanda samari ke kira vape. Yanzu ana samunsa a manyan shaguna da wuraren shan shisha a biranenmu, ana tallarsa a Instagram da TikTok, a kawo wa mai saye har ƙofar gida. Maganar da ke tafe da shi duk inda ya shiga ita ce wai likitocin Ingila sun wanke shi, har ma gwamnatinsu kyauta take raba shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a watan Afrilun 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin bai wa mashaya taba miliyan ɗaya sigarin lantarki don su bar taba. Sai dai hujjar da ta sa suka yi haka ta tsaya ne a kan yawan mashayan da suke da su. Ƙasa irin Najeriya, da mashayanta 'yan kaɗan ne, kuma rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba, idan ta ari wannan lissafi asara za ta kwasa.

Sai an san abin da ke cikinsa za a gane inda amfaninsa yake da inda illarsa take. Idan aka fasa irin wanda ake sha a yar, abu huɗu za a gani: ƙaramin batir na litiyom irin na wayar hannu, siririyar wayar ƙarfe a nannaɗe ko a saƙe, auduga ko soso da aka jiƙe da ruwan sinadari, sai wata 'yar na'ura da ke kunna wuta da zarar an zuƙa. Audugar aikin lagwani take yi, tana jawo ruwan zuwa jikin wayar. Wayar ta ɗauki zafi kimanin digiri 200 zuwa 250, ruwan ya tashi ya zama hazo, mai sha ya zuƙe. Ruwan kansa haɗi ne na furofilin gilaikol da gilisirin, waɗanda su ke ba da farin hazon, da nikotin, da kayan ƙamshi da ɗanɗano. Masu sayarwa kan ce tururin ruwa ne kawai. Ba haka ba ne. Ƙananan ɗigo ne na waɗannan sinadarai, suna shiga har can ƙarshen huhu.

Karan sigari kuwa ƙonewa yake yi. Bakin wutarsa kan kai digiri 900 lokacin da aka ja, kuma ƙunar ganyen ce ke haifar da kwalta da iskar kabon monoksaid da sinadarai sama da 7,000, waɗanda kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Tun 1976 wani likita a Landan, Michael Russell, ya rubuta cewa nikotin ke sa mutane shan taba, amma kwalta ce ke kashe su. Da yake sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, mai shansa ya kauce wa mafi yawan waccan guba, kuma an auna an gani. A 2017 masu bincike a Landan suka gwada fitsari da miyau na mutum 181. Waɗanda suka bar taba kwata-kwata suka koma na lantarki tsawon aƙalla wata shida, gubar da ke jikinsu ta ragu ƙwarai. Waɗanda ke haɗa biyun kuwa ba su da wani bambanci na a-zo-a-gani da mashaya taba. A 2019 aka wallafa wani gwaji da aka yi da mutum 886 a cibiyoyin barin taba na Ingila: bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, a ɗaya ɓangaren da aka ba faci (na mannawa a fata) da cingam na nikotin kuwa kashi 9.9 ne suka bari. Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya ce wa mashayi sigarin lantarki da taba duk ɗaya ne, ya cuce shi. Amma a cikin gwajin nan akwai adadin da masu talla ba sa ambata: cikin waɗanda suka bar taba ta hanyar sigarin lantarki, kashi 80 suna nan suna zuƙarsa bayan shekarar, alhali kashi 9 kacal ne na masu faci da cingam suka ci gaba da amfani da su. Sun rabu da hayaƙi, nikotin bai sake su ba.

Adadin da ya fi kowanne yawo shi ne wai sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa da kashi 95 cikin ɗari. Hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ce ta yaɗa shi a rahotonta na 2015, ita kuma ta ɗauko shi ne daga wani zama da masana 12 suka yi, suka bai wa kayan nikotin maki gwargwadon yadda suke ganin illarsu, aka buga sakamakon a 2014. Ba bin marasa lafiya aka yi shekara da shekaru aka samo shi ba. Su kansu masanan sun rubuta cewa ƙwararan hujjoji sun yi ƙaranci, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta soki adadin tun a shekarar da ya fito. Bayan haka ma, na'urorin da aka yi magana a kansu a lokacin sun sha bamban da waɗanda ke hannun yaranmu yau.

Batun illa ta dogon lokaci, tarihin taba ya ishe mu aya. Sigarin inji ya bazu a Turai da Amurka tun farkon ƙarni na 20, ya ƙara bazuwa a yaƙin duniya na ɗaya, amma sai a 1950 masana biyu 'yan Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙarsa da ciwon dajin huhu, sai kuma 1964 gwamnatin Amurka ta fito fili ta amince. Tsakanin lokacin da jama'a suka rungumi taba da lokacin da dajin huhu ya yi yawa a cikinsu akwai tazarar shekara 20 zuwa 30. Binciken da aka fara da likitocin Birtaniya a 1951 sai da ya shekara 50 kafin ya ba da cikakkiyar amsa, cewa taba na rage wa mai shanta kimanin shekara 10, kuma kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta ita ke zama ajalinsu. Sigarin lantarki na zamani kuwa wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ne ya ƙera shi a 2003. Bai bazu sosai ba sai bayan 2010, irin mai ƙarfin nikotin ya fito a 2015, na sha-ka-yar ya mamaye kasuwa daga 2021. Ga kuma wata matsala da ke ɗaure wa masu bincike hannu: manyan da suka daɗe suna shansa kusan dukansu tsofaffin mashaya taba ne, don haka idan huhunsu ya lalace ba a iya rabe laifin wannan da na wancan. Waɗanda za su nuna illarsa shi kaɗai su ne waɗanda suka fara da shi ba su taɓa shan taba ba, kuma yawancinsu yanzu suke cikin shekarunsu na ashirin da wani abu. Dajin huhu da toshewar hanyoyin numfashi galibi bayan shekara 40 ko 50 da haihuwa suke bayyana. Ke nan duk wanda ya ba ka tabbacin cewa shekara 30 ana zuƙar wannan hazo ba komai, ya faɗi abin da babu mai iya aunawa kafin wajen 2040 zuwa sama.

Abin da aka riga aka gani ma ba kaɗan ba ne. Nikotin na ƙara bugun zuciya da hawan jini cikin 'yan mintuna, yana kuma ƙanƙance jijiyoyin jini, abin dubawa ne a ƙasar da masu hawan jini da yawa ba su ma san suna da shi ba. Yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa, ya fi kuma wahalar bari. Hazon na jawo tari da bushewar maƙogwaro, yana tayar wa masu asma ciwonsu. Idan ruwan ya yi ƙasa, ko aka riƙa ja a jere ba hutu har audugar ta bushe, wayar kan yi zafi fiye da kima, gilaikol da gilisirin su farfashe su ba da fomaldihaid da akrolin, irin gubar da ke cikin hayaƙin taba. Alamar hakan ita ce ƙauri da ɗaci a baki, kuma a daidai wannan gaɓa yaro mai ƙaramin ƙarfi ke ci gaba da ja don kada kuɗinsa su tafi a banza. Wayar da mahaɗanta kuma kan saki ƙarfe cikin ruwan. A 2023 an gwada wasu da aka ƙwace a hannun 'yan makarantar sakandare a Ingila, aka sami dalma da nikel da kuromiyom fiye da ƙa'ida. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma bayan abin da ya sami ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Kayan ɗanɗanon su ma da abin faɗa. An yarda da yawancinsu ne a matsayin abin ci, kuma ciki da huhu ba ɗaya ba ne: ciki na da ruwan narkarwa, ga hanta na tacewa, huhu kuwa fata ce siririya da jini ke bi ta bayanta. Wani sinadari mai ƙamshin man shanu, dayasitil, lafiya lau ake cinsa, amma ya lalata huhun ma'aikatan wata masana'antar gugguru a Amurka da suka riƙa shaƙarsa, abin da aka gano a shekarar 2000. Birtaniya ta hana sa shi a ruwan sigarin lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai ɗanɗano aƙalla 16,000 a kasuwa, kuma babu wani ɗakin gwaji da ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a Amurka a 2019 ya fi shafarmu fiye da yadda ake zato. Matasa majiya ƙarfi suka riƙa zuwa asibiti numfashi na gagararsu, ga tari da ciwon ƙirji da zazzaɓi da amai. Zuwa Fabrairun 2020 an ƙidaya mutum 2,807, 68 daga ciki sun mutu. Da aka bi diddigi sai aka gano ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Ruwan nikotin na kamfani bai zama sanadin ba. Darasin shi ne na'urar ba ta tambayar abin da aka zuba mata, kuma a kasuwar da ba a gwaji kowa na iya ɗura abin da ya ga dama. Da irin wannan za ta ɓarke a nan, alamunta sun yi kama da na ciwon sanyin haƙarƙari da maleriya da tarin fuka, za a yi ta ba da maganin da ba shi ba ne matuƙar likita bai tambayi abin da majinyaci ke zuƙa ba.

To, ya rage yawan mashaya taba a inda ya bazu? A Birtaniya manya masu shan taba sun sauko daga kashi 20.2 a 2011 zuwa kashi 11.9 a 2023. A New Zealand masu sha kullum sun sauko daga kashi 16.4 zuwa 6.8 cikin kusan wannan tsakani. Yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne, domin a shekarun ne aka tsawwala haraji, aka cire ado daga kwalin sigari, aka ɓoye taba daga idon mai shiga shago. Ostareliya, wadda ta ƙuntata sigarin lantarki har ta kai sai a kantin magani ake sayar da shi bisa doka, ita ma masu shan taba kullum sun sauko daga kashi 12.2 a 2016 zuwa 8.3 a 2023. A Amurka 'yan manyan ajin sakandare masu zuƙar sigarin lantarki sun tashi daga kashi 11.7 a 2017 zuwa 27.5 a 2019, kafin a matsa wa kamfanoni su sauko zuwa 7.8 a 2024. Adalci ne a faɗa cewa duk da wannan hauhawa shan taba a tsakanin yaran bai ƙaru ba, ci gaba ya yi da raguwa har ƙasa da kashi 2. Amma kuma wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa a Ingila manya kusan miliyan ɗaya ne ke zuƙarsa ba tare da sun taɓa zama mashaya taba ba, ninki bakwai na adadinsu a 2021. Waɗannan ba a cece su daga komai ba, sababbin kamu ne.

Yanzu a ɗora wannan a kan Najeriya. Binciken shan taba na manya da aka yi a 2012 ya nuna kashi 3.9 ne ke shan taba, wato kimanin mutum miliyan 3.1: maza kashi 7.3, mata kashi 0.4. Ma'ana, a cikin manya ɗari, huɗu ne kawai sigarin lantarki zai iya yi wa rana, su ma sai in sun bar taba gaba ɗaya. Sauran 96 ba abin da zai ƙara musu sai cuta. Su huɗun nan kuma da yawansu masu sayen kara ɗaya ko biyu ne a teburin mai shayi ko a tasha, ba su ne ke fitar da dubban nairori su sayi na'ura mai ɗanɗanon mangwaro ba. Masu sayen su ne ɗaliban jami'a, da 'ya'yan masu hali, da 'yan matan da ko a mafarki ba za su riƙe karan sigari ba. Abin da ya riƙe adadin mata a kashi 0.4 ba doka ba ce, kunya ce da tsoron tonon asiri, domin taba na da wari, tana barin toka, tana baƙanta leɓe. Sigarin lantarki ya kawar da duk wannan. Ƙamshin alawa yake yi, hazonsa ya ɓace nan take, ya shige aljihun jaka ya saje da kayan kwalliya. Katangar da al'ada ta gina shekara da shekaru ita yake rushewa, kuma wannan ne ya fi damunmu.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za mu kwantar da hankali da abin da ya faru da yaran Amurka ba. A can kwalin sigari na da tsada, ba a kuma sayar da kara ɗai-ɗai a fili. A nan Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar da kara ɗai-ɗai da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san da canjin aljihu ake saye a kowane lungu. Saurayin da jikinsa ya saba da nikotin mai yawa, ranar da na'urarsa ta ƙare ba kuɗin sabuwa, ko batir ya mutu ba wuta, ƙishin ba zai jira shi ba, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne karan sigari. Hanyar da ta fitar da mutanen Ingila daga taba, a wurinmu tana iya zama hanyar shiga.

Ya kamata iyaye da malamai su iya karanta abin da ke jikin kwalin. Idan aka rubuta 5%, ana nufin miligiram 50 na nikotin a kowace mililita. Na'urar da ke ɗauke da mililita 10 ke nan tana da miligiram 500. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta tsayar da iyaka a miligiram 20 a mililita, tanki kuma kada ya wuce mililita 2, wato miligiram 40 gaba ɗaya. Manyan da ake rubuta wa zuƙa dubu biyar ko dubu goma sun ninka wannan iyaka fiye da sau goma. Don a kwatanta, abin da jiki ke ɗauka daga karan sigari guda miligiram 1 zuwa 2 ne. Abin da ya sa ake iya zuƙar ruwa mai wannan ƙarfi ba tare da ya shaƙe mutum ba shi ne dabarar da kamfanin sigarin lantarki na Juul ya yaɗa daga 2015, ta haɗa nikotin da asid don ya daina kartar maƙogwaro. Kartar nan ita ce a da ke sa ɗan koyo tari ya ajiye. Ƙari a kan haka, karan sigari na ƙarewa cikin 'yan mintuna, a yar, sai an sake kunna wani. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, ana ja a kan gado, a banɗaki, a bayan aji, daga asuba har barci. Yaron da ke neman abin da zarar ya farka, yake fushi ko kasa natsuwa idan ya yi awa biyu babu, yake yawan ƙishirwa da tari marar dalili, ya riga ya kamu. Duka da kora ba sa cire nikotin daga jiki. Zama da shi da kai shi wurin likita sun fi amfani.

Haɗarin gida ma a kula. Ruwan na da launi da ƙamshin kayan zaƙi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya illata ƙaramin yaro. A 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar New York bayan ya sha. Alamun su ne amai, dalalar miyau, gumi, rawar jiki da saurin bugun zuciya. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a wanke inda ya taɓa fata da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Batirin litiyom kuma ba ya shiri da zafi. Wanda aka bari a mota cikin ranar bazara, ko aka sa caji ƙarƙashin filo har safe, ko ya kumbura aka ci gaba da amfani da shi, yana iya kamawa da wuta. Na yarwan a bola suke ƙarewa da batirinsu da sauran nikotin a ciki, bolar da ake cinna wa wuta, yara 'yan jari-bola kuma na tona ta da hannu.

Ga mashayin taba mai son bari, rage yawa ba ya wadatarwa. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 141 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan ashirin. Shi ya sa haɗa taba da sigarin lantarki an gudu ne ba a tsira ba. A tsayar da rana, a fitar da taba da ashana daga gida, a sanar da iyali. Mai shan fiye da kara 10 a rana kan fara da facin nikotin na miligiram 21 tsawon mako shida, ya koma 14 mako biyu, sannan 7 mako biyu, yana haɗawa da cingam ɗin nikotin idan ƙishi ya taso: a tauna har ya fara yaji, a ajiye shi a kumatu, ba a yi ta tauna ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta amince kuma da magungunan varenicline da bupropion da cytisine, waɗanda likita ne ke rubuta su. Wahalar ta fi tsanani a kwana ukun farko, ta lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma watan azumi na taimakawa tun da jiki na saba yini babu. Wanda ya gwada waɗannan suka gagara ya zaɓi sigarin lantarki, to ya bar taba ɗungurungum ranar da ya fara, ya nemi ruwan da bai wuce miligiram 20 ba, ya riƙa sauka zuwa 12, 6, 3 har ya daina, ya canza wayar ƙarfen na'urar da zarar ya ji ƙauri, kada kuma ya zuba wani abu da ba a yi don na'urar ba. Binciken likitocin Birtaniya ya nuna wanda ya bar taba yana ɗan shekara 30 ya maido kusan duka shekaru goman da zai rasa, mai 40 ya maido tara, mai 50 shida, mai 60 uku.

Saura hukuma. An rubuta dokar 2015 da ƙa'idojinta na 2019 ne da ganyen taba a zuci, ba su fayyace iyakar nikotin ko girman tanki ko nau'in ɗanɗano ba. Sauran duniya kuwa na rufe ƙofa. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019. Ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawansa a birnin Shenzhen, ta hana sayar da masu ɗanɗanon kayan marmari a cikin gida tun 2022, amma ana ci gaba da fitar da su waje. Birtaniya da ake kafa hujja da ita ta haramta na sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. Kayan da aka kora daga waɗannan kasuwanni wata kasuwa za su nema, kuma tamu a buɗe take. Kada kuma a ɗauka masu wannan sana'a abokan gabar taba ne: kamfanin taba na British American Tobacco (BAT) ke da sigarin lantarki na Vuse, Altria mai Marlboro a Amurka ya sayi kashi 35 na Juul a kan dala biliyan 12.8 a 2018, kamfanin taba na Imperial kuma ya sayi haƙƙin ƙirar Hon Lik tun 2013.

A ganinmu haramci na baki ɗaya zai yi wuyar tabbata a ƙasa mai iyakoki irin namu, mun kuma ga yadda maganin tari mai kodin ya koma bayan fage bayan hanin 2018. Abin da zai yiwu shi ne a hana shigo da na sha-ka-yar da masu ɗanɗanon alawa da kayan marmari, a tsayar da nikotin a miligiram 20, a tilasta rajista da gwajin ƙarfe kafin kwastam ta saki kaya, a hana talla da sayarwa ta intanet, a hukunta mai sayar wa yaro. Dole kuma a haɗa wannan da ƙarin haraji a kan taba da tabbatar da hanin kara ɗai-ɗai, in ba haka ba an tura waɗanda suka riga suka kamu ne zuwa ga abin da ya fi kisa. Ƙarfin yi akwai shi, tun da a Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan BAT. Jamhuriyar Nijar, mai dokar taba tun 2006, kasuwa ɗaya muke ci da ita daga Maraɗi zuwa Katsina, don haka matakin da ɓangare ɗaya ya ɗauka shi kaɗai ba zai yi nisa ba.

Akwai aikin da ba ya jiran majalisa. Alƙaluman 2012 sun tsufa, an tattara su ne kafin abin ya iso. A tabbatar kowane zagaye na binciken lafiyar al'umma da na makarantu yana ɗauke da tambaya kan sigarin lantarki da shisha, a ware maza da mata, a ware waɗanda suka taɓa shan taba da waɗanda ba su taɓa ba. A asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da ɗakunan awon ciki, a ƙara layi a katin majinyaci: yana zuƙa ko ba ya zuƙa, wane iri, mai ƙarfin nawa, tun wace shekara, taba ya fara sha ko na lantarki. Likitan da zai duba huhun waɗannan matasa nan da shekara 25, da wannan layi ne zai gane abin da ke gabansa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar al'umma,
Zariya, Jihar Kaduna.